SANƘARAU: CUTAR DA SUNANTA KE ZUWA A MAKARE

Gabatarwa

Bahaushe gwani ne wajen raɗa wa cuta suna. Ba ya zuwa nesa neman kalma, abin da idonsa ya gani a jikin majinyaci shi yake ɗauka ya mai da shi suna. Cutar da ta hana mutum farkawa ya ce mata ciwon barci, wadda ta sa shi haraswa da zawo ya ce amai da gudawa, tarin da ke shiƙe yaro ya ce tarin shiƙa, wadda kuwa ta sanƙarar da wuya har mutum ya kasa sunkuyawa ya ce mata sanƙarau. Wannan hikima ce babu shakka, domin ko wanda bai taɓa shiga aji ba ya ji sunan ya san abin da ake nufi.

Amma game da sanƙarau hikimar tana da tsada. Sanƙarewar wuya ba ita ce alamar farko ba, a jikin jarirai ma sau da yawa ba ta zuwa sam. Iyalin da suka zauna jiran wuya ya sanƙare kafin su ambaci sunan cutar, sun ba ta sa'o'in da take bukata ke nan ta gama aikinta. Manufar wannan maƙala ita ce a duba cutar da yadda ake jinyar mai ita, a ɗauki unguwar Hayin Banki ta Kaduna a matsayin misali, sa'an nan a nuna cewa wani kaso na yaƙin nan yaƙin harshe ne, wanda ya rataya a wuyan malamai da ɗaliban Hausa.

Mece ce cutar

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam da lakar gadon bayansa a lulluɓe suke da tantani hawa uku, akwai kuma wani ruwa garai-garai da ke zagaya su. Idan ƙwayar cuta ta kutsa cikin wannan ruwa, sai tantanin ya kumbura. Ƙoƙon kai kuwa ƙashi ne, ba ya buɗawa, saboda haka kumburin kan matse ƙwaƙwalwa. Daga nan ake samun matsanancin ciwon kai da amai da gushewar hankali. Tun da tantanin ya gangara har gadon baya, sunkuyar da kai na jan sa, sai naman ƙeya ya ɗaure don ya hana motsin. Asalin sanƙarewar ke nan.

Ƙwayoyin da ke kawo wannan kumburi iri-iri ne. Wadda bairas ya kawo yawanci tana da sauƙi. Wadda bakteriya ta kawo ita ce mai kisa, kuma a cikin bakteriyar wadda ake kira meningokokas ita ce uwar annoba a ƙasar Hausa. Tana da dangogi da likitoci suka lasafta da haruffa, manyansu su ne A, B, C, W, X da Y. Abin mamaki shi ne, a cikin mutum goma masu lafiya ana iya samun ɗaya yana ɗauke da ita a maƙogwaro bai sani ba, bai kuma yi ciwo ba. Ta hanyar tari da atishawa da numfashi a wuri mai cunkoso take tsallakawa daga wannan zuwa wancan, ta kuma bayyana a jikin wanda ta kama cikin kwana 2 zuwa 10. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a cikin mutum shida da sanƙarau na bakteriya ya kama ɗaya kan rasu, a cikin biyar kuma ɗaya kan tashi da tawaya mai ɗorewa. Idan babu magani ko kaɗan, ana iya rasa rabin waɗanda suka kamu, wani ma cikin yini ɗaya da kwana ɗaya.

Tsohon baƙo

Sanƙarau ba baƙon jiya ba ne. Tun 1905 likitocin Turawa suka rubuta labarin ɓarkewarsa a Zungeru, lokacin da take hedikwatar Arewa, kafin a dawo Kaduna. A 1963 wani likitan sojan Faransa mai suna Lapeyssonnie ya zayyana yankin da annobar ke yawan sauka, wanda a yau aka ƙidaya ƙasashe 26 a cikinsa, daga Senegal zuwa Habasha. Ƙasar Hausa tana tsakiyarsa. A shekarun 1970 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya zama babbar cibiyar nazarin cutar, inda Brian Greenwood da Hilton Whittle da abokan aikinsu 'yan ƙasa suka bi diddigin annobar 1977, suka kuma gwada warkar da majinyata da allura ɗaya tak ta kuloramfenikol mai mai.

Shekarar da ba a mantawa ita ce 1996, sa'ad da fiye da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Dangin A ne ya yi wannan ɓarna. A watan Disamba na 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, a 2011 ta iso Nijeriya, aka yi ta yi wa masu shekara 1 zuwa 29. Wani kamfanin Indiya ne ya sarrafa ta a kan kuɗin da bai kai rabin dalar Amurka ba kowace allura. Dangin A ya kusa ɓacewa daga yankin baki ɗaya. Sai dai an kashe maciji ba a sare kansa ba, domin wani sabon nau'i na dangin C ya ɓullo a Sakkwato a 2013, daga baya ya shiga Kebbi, ya afka wa Yamai a 2015, sa'an nan daga ƙarshen 2016 zuwa tsakiyar 2017 ya kama fiye da mutum 14,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 1,100, Zamfara ce kuma ta fi jin jiki. A watan Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da allurar Men5CV, wadda ta haɗa A, C, W, X da Y wuri ɗaya.

Hayin Banki da bazara

Idan aka tambayi dattijo me ke kawo sanƙarau, amsarsa ita ce zafi. Bai yi ƙarya ba, rabin gaskiya ya faɗa. Lokacin cutar kan fara daga Disamba ya kai Yuni, ta fi tsanani a Maris da Afrilu, da an yi ruwan farko kuma sai ta ja da baya. Busasshiyar iskar hunturu da ƙurarta su ke ƙeƙashe hanci da maƙogwaro, su yi musu 'yan tsage-tsage, ƙwayar da ta daɗe zaune lafiya ta sami ƙofar shiga jini. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Zafi da ƙura su ke tsaga bangon, cunkoso kuwa shi ke kawo ƙadangaren.

Duk wanda ya san Hayin Banki ya san ma'anar cunkoso. Unguwa ce ta masu neman na kansu a Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, maƙwabciyar Kawo, inda gidan haya ɗaya kan tara iyalai da dama, miji da mata da 'ya'ya a ciki da falo ko ma ɗaki guda. Rufin kwano ne, taga 'yar ƙarama, ita ma da dare a rufe take don gudun sauro da ɓarawo. In wuta ta ɗauke fanka ta tsaya, numfashin kowa ya koma cikin ɗan'uwansa. Almajirai kan kwana jere a zaure ko shago. Ga kuma tashar Kawo kusa, wadda ke sauke matafiya daga Zariya da Kano da Katsina dare da rana. Ba laifin mazauna unguwar ba ne, domin ba wanda ya zaɓi ƙunci da son ransa. Amma wanda ya san ɗakinsa na yoyo, shi ya kamata ya riga kowa tanadin kwano. Barin taga a buɗe da gidan sauro, rage yawan masu kwana ɗaki ɗaya in da hali, da rufe baki wajen tari, duk abubuwa ne da ba su bukatar kasafin kuɗin gwamnati.

Inda sunan ke yaudara

Ga yadda abin ya saba faruwa a kowace unguwa irin wannan. Yaro ya tashi da zazzaɓi da ciwon kai, sai a ce zazzaɓin cizon sauro ne, a aika kemis a sayo ƙwayoyi. Da yamma ya fara amai, a ce ai taifot ne ya haɗu da shi. Da dare ya fara sambatu yana ƙin haske, ko ya kama jijjiga, sai magana ta juya, a ce iska ce, a nemo turare da hayaƙi. Sai gari ya waye an ga ƙeyarsa ta ɗaure, sa'an nan wata tsohuwa ta ce, wannan fa sanƙarau ne. Sunan ya iso, amma yini da kwana sun riga sun wuce.

Alamomin da suka riga sanƙarewa su ne zazzaɓi mai faɗowa farat ɗaya, da ciwon kai irin wanda mutum bai taɓa ji ba, da amai, da ƙin haske, da magagi ko rikicewar hankali. Wani lokaci ƙwayar kan yaɗu cikin jini, sai hannu da ƙafa su yi sanyi alhali jiki na ƙuna, wasu ɗige-ɗige masu duhu su fito waɗanda ba su dushewa ko an danna su da gindin kofin gilashi. A jikin baƙar fata ba a ganinsu da sauƙi, sai an duba tafin hannu da tafin ƙafa da cikin fatar ido. Jariri kuwa ba shi da bakin faɗin ciwon kai. Nasa alamomin su ne ƙin kama nono, da kuka mai tsini wanda ɗauka ke ƙara shi, da langaɓewar jiki, da kumburin maɗiga. Uwar da aka koya wa cewa sanƙarau wuya yake kamawa za ta taɓa wuyan jaririnta ta ji shi laushi, hankalinta ya kwanta, alhali kuwa a nan ne ya kamata ya tashi.

Wani tarkon shi ne gwajin cizon sauro. Mutum na iya ɗauke da ƙwayar cizon sauro a jininsa kuma sanƙarau ya kama shi, saboda haka gwajin ya nuna akwai ba ya wanke shi daga ɗayar. Zazzaɓin da ya zo da bazara tare da gushewar hankali, asibiti ne wurinsa, ko da kemis ya rantse.

Jinya

Maganin sanƙarau na bakteriya allura ce ta cikin jijiya, wadda aka fi amfani da ita yau ita ce seftiriyazon, kuma a asibiti ake yin ta na kwanaki. Babu ƙwayar kemis ko jiƙo ko shafi da zai maye gurbinta. Mazaunin Hayin Banki yana da ƙaramin asibitin unguwa, yana da Babban Asibitin Kawo kusa, yana da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a cikin gari. Mutumin ƙauye na iya kafa hujja da nisa, shi kuwa ba shi da wannan hujja. Abin da ke tsayar da shi yawanci abu biyu ne, kuɗi da jiran maigida. Mata da yawa kan zauna da yaro a cinya yana jijjiga don maigida bai dawo ya ba da izinin fita ba. Ya kamata kowane magidanci ya ba da wannan izini tun kafin ranar ta zo, ya kuma faɗi maƙwabcin da za a buga wa ƙofa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin a isa asibiti, mai jijjiga a kwantar da shi a gefensa, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki. Wanda hankalinsa ya gushe kada a ɗura masa kome, ko ruwa ko rubutu ko man ja, domin huhu zai tafi. A rage masa tufafi, a shafa masa ruwa mai ɗan ɗumi. Hayaƙi da tsaga da sakiya ba su kai wa tantanin ƙwaƙwalwa, ƙarin wahala ne kurum. Addu'a kuwa ba ta bukatar a tsaya, ana iya yin ta cikin keke a kan hanyar asibiti.

A asibiti likita zai nemi ɗibar ruwan gadon baya, kuma a nan ne iyaye da yawa kan ja da baya, don sun ji an ce ɗibar na gurgunta yaro. Allurar tana shiga ne ƙasa da inda laka ta ƙare, ruwan da aka ɗiba kuma jiki kan mayar da shi cikin 'yan sa'o'i. Da shi ake gane wace ƙwaya ce da kuma danginta, da wannan sani ne hukuma ke sanin wace allurar rigakafi za ta kawo unguwa. Yaron da ya tashi da tawaya bayan ɗiba, cutar ce ta yi masa, sai dai ɗibar ce aka gani da ido, ita aka ɗora wa laifi.

Dubiya al'ada ce mai kyau, amma mai sanƙarau shiru yake so da ɗaki marar haske sosai. Mai jinya ɗaya ko biyu sun isa, su riƙa juya shi in ba ya motsi, su lura da numfashinsa da fitsarinsa, su gaya wa ma'aikatan jinya duk canjin da suka gani. Bayan sa'a 24 da fara allura, majinyacin ya daina yaɗa ƙwayar meningokokas, saboda haka babu dalilin ƙyamarsa. Waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da shi su ne abin dubawa, su gabatar da kansu ga likita ko zai ba su maganin kariya. Haka kuma kada a ɗauke majinyaci don ya buɗe ido ya nemi kunu. Sauƙi daban, warkewa daban, sai an cika kwanakin allura.

Bayan sallama

Jinyar ba ta ƙarewa a ƙofar asibiti. Tawayar da sanƙarau ya fi bari ita ce kurumta, wasu kuma ya bar su da farfaɗiya ko raunin gaɓa ko nauyin fahimta. Yaro ya dawo gida ana kiransa ba ya amsawa, sai a ce ciwo ya sangarta shi, a kai masa mari. A makaranta ya koma baya, a ce daƙiƙi ne. Ya wajaba a gwada jin duk wanda ya tashi daga wannan cuta cikin 'yan makonni da sallama, mutanen Kaduna kuwa sun yi dace, domin Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a garinsu take. Wanda jinsa ya tafi, hankalinsa na nan. Kurame a ƙasar Hausa suna da harshensu cikakke, maganar hannu, wanda Constanze Schmaling ta nazarta a Kano ta fitar da littafi a kansa a shekarar 2000. Abin tambaya shi ne, ɗaliban Hausa nawa ne suka taɓa ɗaukar wannan harshe a matsayin kundin digirinsu?

Amana

Wani na iya cewa, duk wannan surutu ne, a yi wa kowa rigakafi a huta. Gaskiya ne rigakafi ya fi magani. Allurorin jarirai na yau da kullum sun haɗa da masu kare su daga ƙwayoyi biyu masu kawo sanƙarau, ta wata tara kuma ta dangin A ce. Maniyyata ma ba su shiga Saudiyya sai da shaidar allurar sanƙarau, kuma ba a taɓa jin alhaji ya fasa tafiya saboda ita ba. Amma allura ba ta shiga hannun da aka naɗe. A annobar 1996 kamfanin Pfizer ya gwada sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, a cikin yara kimanin 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta laifi, a 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo na cikin abin da ya rura ƙin allurar shan-inna a 2003 da 2004. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Babban zargin iyayen nan shi ne ba a gaya musu cikin harshen da suke ji abin da za a yi wa 'ya'yansu ba, watau matsalar tun daga tushe ta bayani ce.

A 2017 kuma Gwamnan Zamfara na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya danganta annobar da fushin Allah saboda saɓon mutane. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya ƙalubalance shi a wani taron zuba jari a nan Kaduna, ya nuna cewa aikin shugaba shi ne ya nemo allura. Musulmi bai musun ƙaddara, amma addinin da ya koyar da ita shi ya yi umurni da neman magani. Jaririn wata shida da maɗigarsa ta kumbura bai saɓa wa kowa ba.

Kammalawa

Ba a ce a sauya wa sanƙarau suna ba, domin sunan da ya zauna a bakin jama'a doka ba ta tumɓuke shi. Abin da ake kira gare shi shi ne a yi masa 'yan rakiya. Kamar yadda kowa ya haddace cewa amai da gudawa sai ruwan gishiri da sukari, haka ya kamata kowace uwa ta haddace cewa zazzaɓi da ciwon kai da magagi a lokacin bazara sanƙarau ne har sai likita ya ce ba shi ba ne, a jikin jariri kuma maɗiga ake dubawa kafin wuya. Likita ya san cutar, amma tsara gajeriyar magana mai kama zuciya, wadda za ta shiga huɗuba da wasan kwaikwayon rediyo da makarantun Islamiyya na matan aure, wannan fannin masu nazarin Hausa ne. Sanarwar da aka fassara kalma da kalma daga Turanci, aka liƙa a bangon asibiti, wanda ya riga ya iso asibiti kaɗai take amfana.

Akwai aiki a ƙasa wanda sashen Hausa zai iya ɗauka tun daga wannan zango. A tattara sunaye da camfe-camfen da suka shafi cutar a unguwanni irin su Hayin Banki da Kawo da Unguwar Kanawa, a zauna da ma'aikatan lafiya a daidaita kalmomin bayani, musamman na ɗibar ruwan baya da na neman yardar iyaye, a kuma miƙa su ga gidajen rediyo kafin hunturu ya kama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar kawo ƙarshen annobar sanƙarau. Ko a cim ma wannan buri ko kada a cim masa, bazara za ta dawo Hayin Banki, kuma a wani ɗaki wata uwa za ta taɓa goshin ɗanta ta ji zafi. Abin da za ta yi cikin sa'a ta farko ya dogara ga maganar da ta riga ta ji. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri, amin.